Wankan Kwikwiyo: Kada Neman Tsafta Ya Kai Mu Ga Zalunci



Akwai maganar da ba a son ɗagowa a majalisa bayan sallar Juma'a, ba a kuma taɓa ta a gidan suna, alhali tana cikin gidajenmu: kare ya shigo. 'Ya'yanmu da jikokinmu da aka haifa a nan sun tashi cikin mutanen da kare ɗan gida ne a wurinsu. Wani abokin makaranta ne ya ba shi kwikwiyo, wata ta yi ta kuka sai da aka saya mata, wani ya girma ya kama nasa ɗaki a Saint-Denis ko Vénissieux ya ajiye abinsa. Dattijo ya yi faɗa, ya gaji, ya kau da kai. Kwikwiyon kuwa yana nan, yana kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da jarirai da tsofaffi.

Ra'ayina shi ne wannan shirun yana cutar da mu. Idan babba ya ƙi maganar, ba wanda ke koya wa yara yadda ake kula da dabbar, sai a faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai a bar shi da ƙuma da ƙaiƙayi ba mai taɓa shi, ko kuma uwar gida, saboda ƙyama da tsoron najasa, ta sa a riƙa dirje shi kullum da duk abin da ke da ƙarfi a ɗakin wanka. Rami na biyu ya fi yawa a cikinmu, domin mu mutane ne masu son tsafta, kuma shi ne nake so mu tsaya a kansa. Yawan wanka da sabulun da bai dace ba yana lalata fatar kwikwiyo, fatar da ta lalace kuwa ita ce ƙofar cututtukan da wasunsu ke tsallakowa kan yara.

Hukuncin ajiye kare a gida na malamai ne, kuma kowa ya san hadisai sun ja kunne a kan ajiye shi ba don farauta, kiwo ko gadin gona ba. Wanda bai ɗauko ba tukuna, ya je ya tambayi malaminsa kafin ya ɗauko. Amma yana da kyau mu tuna abin da yawancinmu muka karanta a zaure: a ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, dabba mai rai tsarkakka ce, har da guminta da yawunta, kare ma yana ciki, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Shafi'iyya sun tsananta fiye da haka. Ko wane ra'ayi mutum ya bi, abin da aka ce a wanke shi ne ƙwarya, tufafi da jikin mutum. Babu mazhabar da ta ce wanka zai canza hukuncin kare, saboda haka wanda ke zuba masa ruwan Javel don ya tsarkaka yana azabtar da dabba ne ba tare da ya sami abin da yake nema ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya bari kwikwiyo ya kwana a gidansa, amana ta hau kansa.

Dokar ƙasar da muke zaune ma haka ta ce. Tun 2015 kundin dokokin Faransa ya amince cewa dabba halitta ce mai rai mai jin zafi. Dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta kai hukuncin azabtar da dabba ko yasar da ita zuwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000. Daga 1 ga Oktoba 2022 duk wanda zai karɓi kare, ko saye ko kyauta, sai ya sa hannu a takardar alkawari da sanin buƙatun dabbar kwana 7 kafin a miƙa masa ita. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa a ba wani kafin ya cika mako 8, kuma dole a sa masa shaida, galibi ɗan ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa rajista a I-CAD, kafin ya canza hannu. Wanda aka ba wa kwikwiyo a bakin tashar metro ba takarda ko ɗaya, ya sani ya karɓo matsala.

Fatar kare ba irin tamu ba ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tunanin cewa abin da ya wanke mutum zai wanke kare. Saman fatar kare ya fi na mutum siranta nesa ba kusa ba, gashi ne ke rufa masa asiri. Fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin da masana ke kira pH tana wajen 5.5, ta kare kuwa tana kusa da 7, wani lokaci ta haura. Sabulun wanka da man wanke gashi na mutane an haɗa su ne don fatarmu. Bayan haka jikin kare yana fitar da wani maiƙo da ke bin gashi, yana hana ruwa shiga, yana hana fata bushewa, yana kuma tare ƙwayoyin cuta. Duk wankan da aka yi da sabulu mai ƙarfi yana kwashe wannan maiƙon. Sai fata ta bushe, ta fara ƙaiƙayi, kwikwiyo ya yi ta susa da farce da haƙori har ya ji wa kansa rauni, ƙwayoyin cuta su shiga, wari ya tashi. Mai gida ya ji wari sai ya ƙara wanka, ciwon ya ƙara gaba. Da yawa daga cikin karnukan da ake cewa sun cika wari, wankan ne ya jawo musu.

Yanayin nan ma yana ƙara wa abin nauyi. Ruwan famfon Paris yana da farar ƙasa, ita ce kuke gani tana kama cikin butar shayi, kuma daga Nuwamba zuwa Maris na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska. Mu kanmu sai mun shafa man kaɗanya muke samun sauƙi, balle fatar ɗan wata uku.

Ga abubuwan da bai kamata su taɓa jikinsa ba ko sau ɗaya: ruwan Javel, garin sabulun wanki, sabulun wanke kwanuka, sabulun salo da ake sayowa a Château-Rouge ko Guillotière, Dettol da Izal, turare, da man ganyayyaki masu ƙamshi. Haka kananzir, baƙin man mota da fiya-fiya, waɗanda a gida ake shafa wa kare mai ƙazwa. Kwikwiyo yana lasar jikinsa, duk abin da aka shafa masa cikinsa zai shiga, wani kuma ta fata yake ratsawa zuwa jini. Kada a ba shi paracetamol ko ibuprofen don yana kuka, suna iya kashe shi. Idan tsautsayi ya sa ya sha ko an shafa masa irin waɗannan, a kira likitan dabbobi nan take, a riƙe kwalbar a hannu. Cibiyar CNITV, mai ba da shawara kan gubar da ke shafar dabbobi, tana Marcy-l'Étoile kusa da Lyon, kuma tana amsa kira daga ko'ina a ƙasar.

Yadda ake yin wankan

Kafin mako 8 ba a yi wa kwikwiyo wanka. Jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna, sanyi kaɗan yana kwantar da shi. In ya ɓaci, a goge wurin da tsumma mai ɗumi, a busar. Bayan ya cika wata biyu, ya saba da gida, ya yi allurar rigakafin farko ya kwana biyu, ana iya yin wankan farko. Daga nan sau ɗaya a wata ya isa, kuma mai gajeren gashi yana iya wuce haka in bai shiga taɓo ba. Sai dai in likita ne ya rubuta man wanka na magani, a bi adadin da ya faɗa.

A sayi man wanka na kwikwiyo a wurin likitan dabbobi, a farmasi ko shagon kayan dabbobi. Kwalba ɗaya tana daɗewa, domin kaɗan ake zubawa. Kafin a jiƙa shi a taje gashin, saboda gashin da ya cukurkuɗe in ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake. A rufe taga, a ɗumama ɗakin, a shimfiɗa tsohon tawul a ƙasan baho don kada ƙafarsa ta zame ya tsorata. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 da 39, don haka ruwan ya zama mai ɗumi kamar wanda ungozoma ke gwadawa da gwiwar hannu kafin wankan jariri. Ruwan da mu manya ke jin daɗinsa lokacin sanyi ya yi masa zafi.

A fara jiƙawa daga ƙafafu zuwa baya, a hankali, ana yi masa magana. A tsarma man wankan da ruwa a tafin hannu, a shafa ta inda gashi ya kwanta, da yatsu, ba da soson raga ba. Soson da muke kawowa daga gida na fatarmu ne. Kai da fuska ba a zuba musu ruwa, tsumma mai laima ya wadatar, domin kumfa na ƙona ido, ruwan da ya zauna a kunne kuma yana kawo ciwon kunne. Sannan ɗauraya, wadda ta fi sabulun muhimmanci: a yi ta zuba ruwa har ya sauko garau, a duba hammata, ƙarƙashin ciki da tsakanin yatsu, inda kumfa ke maƙalewa ta zama ƙaiƙayi. Duka aikin kada ya wuce minti 10.

A naɗe shi da tawul, a riƙa dannawa maimakon gogewa da ƙarfi. In za a yi amfani da na'urar busar da gashi, a sa ta a mafi ƙarancin zafi, a nesanta ta, hannun mai yi yana tsakani don ya ji zafin. Kada ya fita waje sai ya bushe har ƙasan gashi, musamman a watannin sanyi. Wanda ke da irin karen Azawak, dogon karen nan na makiyayan arewacin Nijar da Mali da aka fara kawowa Turai a shekarun 1970, ya ƙara kula, domin gashinsa gajere ne ƙwarai, jikinsa ba kitse, sanyin Lyon ba nasa ba ne. Bayan an gama a ba shi ɗan abin taunawa. Kwikwiyon da aka daka wa tsawa ko aka mara a wankan farko zai girma yana gudun ruwa, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo.

Buroshi ya fi ruwa aiki

Tsaftar kare ta yau da kullum a buroshi take. Mai gajeren gashi sau ɗaya ko biyu a mako, mai dogon gashi kusan kullum, minti 5 kawai. Buroshi yana cire mataccen gashi kafin ya zube a kan darduma da kujeru, yana kuma baza maiƙon nan a jiki. Wannan ne kuma lokacin da ake duba dabbar. A buɗa gashi a ga fata: ja, ƙuraje, wurin da gashi ya zube, ko baƙin gari kamar barkono, wanda kashin ƙuma ne. Kunne a goge inda ido ke gani da auduga mai laushi, kada a zura tsinken auduga ciki. Farce in ya fara ƙara a kan daɓe ya yi tsawo, amma a bari likita ya nuna yadda ake yankewa karon farko, domin akwai jijiyar jini a cikinsa. Kada a aske masa gashi tas wai don zafi, gashin ne ke kare fatarsa daga rana.

Bayan yawo a Bois de Vincennes ko Miribel-Jonage, daga bazara zuwa kaka, a laluba jikinsa don kaska. Ba a ƙona ta da ashana, ba a zuba mata mai. Akwai ɗan ƙugiya da ake sayarwa a farmasi, ana saƙala ta a murɗa har ta fito da kanta. Kaska tana sa wa kare zazzaɓin da ke fasa jini, wata kuma tana sa wa mutum cutar Lyme. A watannin zafi a duba kunne da tsakanin yatsu saboda busasshen kan ciyawa mai tsini da ke huda fata ya yi ta shiga. Lokacin ƙanƙara kuma a ɗauraye masa ƙafa da ruwan ɗumi kawai in an dawo, domin gishirin da ake watsawa a hanya yana tsattsaga tafin ƙafa. Wanke ƙafa a bakin ƙofa kullum ba laifi, kuma shi ne ya fi kare ɗakin da ake salla.

Inda lafiyar yara ta shigo

Wanka ba ya maganin ƙuma. Wadda ake gani a jikin kare ita ce kaɗan, ƙwai da 'ya'yanta suna cikin kafet da shimfiɗa. Maganinta na likita ne, ana ba da shi daidai da nauyi da watannin kwikwiyo. In na ɗigawa ne a wuya, kada a yi wanka kwana 2 bayansa. A wanke shimfiɗarsa a inji a digiri 60, a share ɗaki da na'urar zuƙe ƙura. Wanda ke da kyanwa ya kiyaye: maganin ƙumar kare mai ɗauke da permethrin guba ne gare ta.

Wurin da gashi ya zube a zagaye kamar kwabo yana iya zama makero, kuma yana kama yara. Ƙazwar kare tana sa wa mai ɗaukarsa ƙaiƙayi a hannu da ƙirji. Kusan kowane kwikwiyo yana zuwa da tsutsar ciki daga uwarsa, ƙwanta yana fita a kashi, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Shi ya sa ake ba shi maganin tsutsa kowane wata har ya cika wata 6, a kwashe kashinsa nan take, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi da kafin cin abinci. Nan ne ya kamata ƙarfin tsaftarmu ya tafi: hannu, daɓe, kwanon abincinsa daban da na gida, ƙofar ɗakin salla da ta ɗakin jariri a rufe. Javel na daɓe ne, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin dabbar ta taka.

Sai babbar cuta, haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara suna da yawa a ciki. A Lyon ne Pierre-Victor Galtier ya yi bincikensa a kanta tun 1879, a Paris kuma Louis Pasteur ya yi wa yaro Joseph Meister allurar farko ranar 6 ga Yuli 1885. Tun 2001 aka ayyana Faransa ta rabu da haukan dabbobin ƙasa, amma cutar tana shigowa daga waje. A 2013 an sami 'yar kyanwa mai ita a Argenteuil, daga Maroko aka shigo da ita. A Oktoba 2017 wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu a asibiti a Lyon, bayan wani kwikwiyo ya cije shi lokacin hutu a Siri Lanka. Mu da muke kai yara Yamai, Maraɗi, Kano, Kumasi ko Nima a watan Yuli da Agusta, wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya saba rungumar kwikwiyo a nan zai miƙa hannu ga na kan titi a can. A gargaɗe shi kafin tafiya. In an cije shi ko an yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allura, ko da raunin ƙarami ne, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. Kada kuma a ɓoyo kwikwiyo a kaya daga gida. Shigo da kare daga Nijar, Najeriya ko Gana yana buƙatar ƙwayar shaida, allurar hauka, gwajin jini da jiran wata 3, wato ba zai shigo bisa doka ba kafin ya kai wata 7.

Wani dattijo zai ce, 'yan'uwa a gida suna neman na hatsi, mu muna saya wa kare man wanka? Maganar tana da nauyi, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta ƙin ɗauko shi tun farko: abinci, allurai da magani kuɗi ne na shekara 10 zuwa 15. Duk yaron da ya roƙi kwikwiyo, a zaunar da shi a yi wannan lissafin da shi. Amma in ya riga ya shigo, hanyar da na zayyana ita ce mafi arha. Kwalbar man wanka da buroshi ba su kai kuɗin ganin likita sau ɗaya don fatar da Javel ya ƙona ba, balle makero ya bi yara uku a gida. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da inda zai je: ƙungiyar SPA, wadda aka kafa a 1845, tana da ɗakunan duba dabbobi a Paris da Lyon don masu ƙarancin samu, ana zuwa da takardar shaidar abin da mutum ke samu. Makarantar likitocin dabbobi ta Lyon, wadda Claude Bourgelat ya kafa a 1761, ita ce ta farko a duniya, yanzu tana Marcy-l'Étoile, ƙanwarta kuma tana Maisons-Alfort a kan layin metro na 8, kuma dukansu suna da asibitin da ke karɓar dabbobin jama'a. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, ya miƙa shi ga gidan dabbobin SPA da hannunsa, kada ya ɗaure shi a bakin hanya ranar tafiya hutu.

Roƙona ga iyayenmu dattawa shi ne ku shiga maganar. Ba sai kun taɓa karen ba, ba sai kun so shi ba. Ku tambayi jikanku ina littafin allurarsa, yaushe aka ba shi maganin tsutsa, da me ake yi masa wanka, wa ke kwashe kashinsa. Ku kafa dokar inda zai shiga da inda ba zai shiga ba. Iyayenmu mata kuma, ku ajiye Javel da Dettol don daɓe da bayi. Yaron da ya koyi tausaya wa dabba da wanke hannunsa bayan ya taɓa ta ya koyi abu biyu da za su amfane shi har tsufa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya tsare mana zuri'a, Ya sa mu sauke amanar duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu.